Wai yaro ne ya zaɓi ajinsa

Duk shekara akwai rana ɗaya da nake zuwa makaranta raina a jagule, ranar rabon aji. Yaran da suka gama JSS3 sun dawo daga dogon hutu, wasu da sabon yunifom har yanzu da layin guga a jiki, a tara su a filin asambili rana ta fara dukan ƙeya, sai mataimakin firinsifal ya fito da takardu uku a hannu ya fara kiran suna. Waɗanda aka fara kira su ne SS1A, sayins, za ka ga suna tafiya suna ɗaga kafaɗa abokai na dukan bayansu. Sai B, kwamashal. Waɗanda suka rage a tsaye bayan an gama kiran nan biyu ba a ma cika wahalar da kai wajen karanto sunansu ba, cewa ake "sauran ku wuce C", wato ajin at kenan. Cikin minti ashirin an gama, kuma wallahi a minti ashirin ɗin nan an yanke wa yaro ɗan shekara sha huɗu ko sha biyar abin da zai iya nema a jami'a da abin da ba zai taɓa iya nema ba, ba tare da wani ya tambaye shi ko sau ɗaya me yake so ba.

Shekarata goma sha ɗaya ina koyarwa a sakandaren gwamnati ta maza a nan Kano, Jogirafi nake koyarwa, kuma na daɗe ina fom-masta na SS1, so abin nan a gabana ake yinsa ba labari aka ba ni ba. A takarda dai cewa ake ɗalibi ne ke zaɓa, har fom ake rabawa wani lokacin mai akwati uku a ce yaro ya yi alama a wanda yake so. Amma fom ɗin nan a dirowa yake ƙarewa. Abin da ake dubawa makin Lissafi da Besik Sayins ne a sakamakon BECE, wato jarabawar gama JSS3, a jero daga sama zuwa ƙasa, a ja layi inda benci ya ƙare. Sai kuma sati na biyu da iyaye ke fara sintiri ofis, wanda babansa ya san wani ko ya iya magana sai ka ga an ɗauke shi daga C an kai A, wanda babansa ke kasuwa tun asuba bai ma san an yi rabon ba yana nan inda aka ajiye shi.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan wani yaro ne a ajina. Tun yana JSS1 in an tashi makaranta kasuwar waya ta Farm Centre yake wucewa wajen wani yayansa mai gyara. Wata rana wayata ta daina caji, na yi ta murɗa waya ina canza caja, ya gani ya ce Malam kawo in duba maka. Washegari ya zo da ƴar jaka, a bayan aji lokacin birek ya shimfiɗa hankici a kan benci ya kwance wayar nan, sukurori ƙanana kamar ƙwayar gero ya jera su a murfin kwalba don kar su ɓata, ya ɗora mita ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce Malam ba caji fot ɗin ba ne, shot ne a layin, ka ga nan ya kamata ya ba ni bolt biyar amma ka ga abin da yake nunawa. Na tsaya ina kallonsa yana min bayanin yadda wuta ke bi ta inda ta fi samun sauƙi, da hannunsa yana nunawa, Hausa tsantsa, kuma abin da yake faɗa shi ne dai abin da malamin Fizik zai rubuta a allo a SS2 yara su kwafa ba su gane ba. To wannan yaron ranar rabon aji C aka tura shi, saboda makinsa na Lissafi bai kai ba. Ya same ni a sitaf rum ya tsuguna ya ce "Malam dan Allah a taimaka a mayar da ni A, ni Fizik nake so in yi." Na je na yi magana, aka ce min aji ya cika, mutum tamanin da wani abu a ɗaki ɗaya ina za a sa shi. Gaskiya ne ajin ya cika. Amma a satin nan da idona na ga an shigar da mutum huɗu.

Mutane in ana maganar barin yara su zaɓi abin da za su karanta tunaninsu na tafiya ne kan yaron da zai gudu daga abu mai wuya ya nemi mai sauƙi. Ni abin da na fi gani akasin haka ne ma, yaro na roƙon a bar shi ya shiga abu mai wuya da yake so ana hana shi, wani kuma an cusa shi ciki yana kuka a zuci.

Ni kaina na biyun nan ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai yi boko mai zurfi ba amma ya san abu ɗaya, ɗansa ba zai zauna a ajin da ake kira na malalata ba. Ina son taswira tun ina firamare, in na samu atlas sai in wuni a kai ina bin Kogin Kwara da yatsa daga tsaunukan Gini har ya shiga Mali ya lanƙwaso ta Yamai ya gangaro Lakwaja, ina son Tarihi, ina son Hausa. Aka sa ni sayins. Shekara uku ina zaune a ajin Kemistiri kamar wanda aka kai garin da bai jin yarensu, na haddace abin da zan iya haddacewa, WAEC ta fito babu kiredit a Kemistiri babu a Fizik, na sake zama shekara ta gaba haka dai, sai a karo na uku wani malaminmu ya je har gida ya zauna da Baba a zaure ya ce masa Alhaji yaron nan ba daƙiƙi ba ne, wurin da aka ajiye shi ne ba nasa ba. Na sake jarabawa da darussan at a matsayin ɗan waje, na wuce lokaci ɗaya, na yi NCE na zo na yi digiri. Shekara uku suka tafi a tsakani, kuma abin da ya fi shekarun ciwo shi ne duk tsawon lokacin nan na yarda a raina cewa ni ba ni da ƙwaƙwalwa. Ban taɓa riƙe Baba a zuciya ba, don na san abin da ya hango.

Kuma yana da kyau a faɗi abin da iyayenmu suka hango ɗin, don ba daga sama son sayins ya faɗo mana ba. A shekarun 1970 jihar Kano, lokacin har da Jigawa a ciki, in ka shiga asibiti ko ma'aikatar ayyuka da wuya ka ga likita ko injiniya ɗan jiha, yawanci baƙi ne daga kudu ko daga Indiya da Pakistan da Masar. Shi ya sa a 1977 aka buɗe makarantun kimiyya na musamman a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ana tace yara da jarabawa a kai su can a ba su malamai da kayan aiki, kuma abin ya yi aiki, manyan likitoci da injiniyoyi da yawa da muke alfahari da su yau daga nan suka fito. Duk unguwar da aka samu ɗan Dawakin Tofa ya zama likita, to iyayen unguwar gaba ɗaya sun ga hanya. Matsalar ita ce abin da aka yi don cike wani giɓi sai ya koma ma'aunin hankali, sayins na masu ƙoƙari, kwamashal na tsaka-tsaki, at kuma juji. Alhali alƙalin da zai yanke maka hukunci da lauyan da zai tsaya maka da ɗan jaridar da kake ji a rediyo kullum safe da malamin Turancin da ya koyar da likitan duk daga wannan ajin da ake rainawa suka fito.

Bara abin ya shigo har cikin gidanmu. Ƴar yayana ta gama JSS3, yarinya ce mai baki da kai, ita ke wakiltar makarantarsu a muhawara, littafi kuwa in ta ɗauka sai an ƙwace take cin abinci, ta ce ita lauya take son zama. Da yake makinta ya yi kyau a komai sai makaranta ta sa ta sayins kai tsaye, don a wurinsu yarinya mai ƙoƙari a ajin at asara ce. Ta kira ni a waya tana kuka, "Baffa dan Allah ka yi wa Abba magana." Na je bayan isha'i na same shi a tsakar gida. Na ce Yaya yarinyar nan fa ta san abin da take so. Ya yi shiru sannan ya ce min, kai malami ne amma bari in tambaye ka, ranar da muka kai mamansu asibiti haihuwa ta zo da gardama wa ya duba ta, namiji ne ko mace? Na ce namiji. Ya ce to in duk yarinya mai ƙoƙari ta ce ita ba za ta yi sayins ba yaushe matanmu za su samu mata ƴan uwansu su duba su? Ya ƙara da cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Wallahi maganar nan ta shige ni, don ba maganar son zuciya ba ce, kuma duk wanda ya taɓa zama a layin awo da matarsa ko ƙanwarsa ya san gaskiya ce. Amma na ce masa Yaya likitar da muke buƙata ita ce wadda za ta iya jure shekara shida tana karatun da take so, ta kwana a wod ba ta ƙosa ba, wadda aka tura dole ko dai ta faɗi a hanya ko ta fito tana huce haushinta a kan marasa lafiya. Kuma matan da ake cinye musu gado, da waɗanda ake saki a hana su ƴaƴa, su ma suna buƙatar mace da za su zauna da ita su faɗi abin da ba za su iya faɗa wa namiji ba. Ba a daren ya yarda ba. Sai da aka yi kusan wata, mamanta ma ta sa baki, sannan ya je makarantar da kansa ya ce a mayar da ita. Abin da na lura da shi shi ne ita ta samu ne don tana da baffa malami da uba mai sauraro, yaron Farm Centre ba shi da ko ɗaya.

Wani abokin aikina da muke yawan musu da shi a sitaf rum kullum cewa yake yaro ɗan sha huɗu me ya sani, yau ya ce matuƙin jirgi gobe ya ce ɗan ƙwallo, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ban ce ƙarya yake ba. Na ga yaran da suka zaɓi aji don kawai abokinsu na can, na ga waɗanda suka gudu daga sayins don tsoron bulalar malami ɗaya. Kuma ni ba ina cewa a yi irin na makarantar Summerhill ta Ingila ba ne, wadda A. S. Neill ya kafa a 1921, inda shiga aji ma ganin dama ne, yaro in ya so ya shiga in bai so ba ya tafi wasa. Wannan makarantar kwana ce ta kuɗi mai ɗalibai ƙalilan, ba za ka ɗauko ta ka dasa a ajin mutum tamanin ba. Karatu da rubutu da lissafi na yau da kullum da addini da tarbiyya ba abin da za a tambayi yaro ra'ayinsa ba ne, dole ne. Amma in yaro bai san abin da zai zaɓa ba, wa ya hana shi sani? Mu ne. Shekara uku yana JSS ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa in ka shiga nan ga inda hanyar ke kaiwa, in ka bar wannan darasin ga ƙofar da ta rufe. Tun a manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 aka rubuta cewa za a sa masu ba ɗalibai shawara a makarantun sakandare, a makarantu da yawa kuwa ofishin gaidans in ma akwai shi to sito ne na karyayyun kujeru, ko kuma an liƙa wa wani malami muƙamin a kan firiyod talatin da yake da su a sati.

Ga misali abin da yaro ya kamata ya sani tun kafin ranar rabon aji amma sai ya kai SS3 yana gaban kwamfuta a kafe zai cike fom ɗin JAMB yake ji. Darasi huɗu ake zama a jarabawar, Turanci dole sai uku da suka dace da kos ɗin da kake nema. Likitanci sai da Bayoloji da Kemistiri da Fizik. Injiniyanci sai da Lissafi da Fizik da Kemistiri. Lauya sai da Litireca. To yarinyar da aka sa sayins ba ta taɓa zama ajin Litireca ba, in ta farga a SS3 cewa lauya take so, ta makara. Yaron da aka jefa C bai taɓa yin Kemistiri ba, ko da ya fi kowa sanin wutar lantarki a unguwarsu, ƙofar injiniyanci ta rufe tun yana ɗan sha biyar. Kuma babu hanyar dawowa mai sauƙi, sai dai irin tawa, ka ɓata shekaru ka biya kuɗin jarabawar waje. Abokina da ke koyarwa a Maraɗi ya ce min su ma bayan BEPC, jarabawarsu ta gama ƙaramar sakandare, haka ake raba yara zuwa siri A na adabi da na kimiyya C da D, kuma kallon da ake wa ɗan A bai da maraba da wanda muke wa ɗan at.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne mu fa muna da tsarin karatu na zaɓi a gidajenmu tun kafin boko ya zo, kuma har gobe yana nan. Ina yaro akwai wani malami a layinmu da ke ba da karatu a zaurensa bayan asuba. In ka leƙa za ka ga mutum goma sha biyar zaune a kan tabarma da buzu, kowa da littafinsa a hannu kuma ba iri ɗaya ba. Tela na nan da Ahalari, wani dattijo mai sayar da goro ya kai Risala, wani saurayi shi nahawu ya sa a gaba yana jan Ajuruma, wani kuma waƙoƙin yabon Annabi yake son a fassara masa. Kowa in layi ya zo kansa sai ya matso ya karanto nasa, malam na fassarawa kalma kalma, saura na saurare suna tsintar abin da za su tsinta. Ba wanda ya rubuta musu taimtebul. Mutum shi ke zaɓar fannin da zuciyarsa ta kwanta da shi, shi ke zaɓar malamin ma, ya ɗauki fiƙihu a wannan zauren da safe ya tafi wata unguwa da yamma don an ce malamin can ya fi ƙwarewa a lugga. Amma kuma ba sakaka aka bar shi ba, in ka ɗauko littafin da ya fi ƙarfinka malam zai dube ka ya ce ajiye wannan tukuna, koma ka sauke Ishmawi sannan ka dawo. Akwai tsari, akwai na gaba da na baya, akwai babba da ke nuna hanya, amma ba a taɓa ce wa mutum kai makinka bai kai ba don haka har abada ba kai ba nahawu. In ka bar fanni shekara goma ka dawo, tabarmar na nan. Manyan malaman da ƙasar nan ta yi alfahari da su a haka suka yi karatu, kuma ba wanda ya ce sun lalace don an bar su sun bi abin da suke so. Shi ya sa in aka ce min wai barin ɗalibi ya zaɓa ɗabi'ar Turawa ce nake cewa a'a, layin da ake ja a takarda ranar Litinin a filin asambili shi ne baƙo a wurinmu.

Gwamnati ma ba wai ba ta taɓa tunanin abin ba. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982, wato shekara shida a firamare, uku a JSS, uku a SS, huɗu a jami'a, ai manufarsa kenan, shekara ukun JSS yaro ya ɗanɗana komai, aikin katako, ƙarfe, lantarki, noma, kasuwanci, daga nan a ga inda hannunsa ya faɗa. An shigo da injinan Intro Tek daga ƙasashen waje, a makarantu da yawa suka tsufa a cikin akwatunansu don ba wakshof ba wuta ba malamin da ya iya kunna su, mu da muka yi JSS a allo muka ga zarto. A 2011 aka kawo sabuwar manhajar babbar sakandare da darussan sana'a talatin da huɗu, aka ce kowane ɗalibi ya ɗauki ɗaya, WAEC ta fara jarabawarsu a 2014. A cikin jerin har da gyaran waya, da ɗinki, da rini, da aikin fata, da kiwon kifi, da ɗaukar hoto. Ka duba fa, rini da aikin fata, a garin da ke da marinar Ƙofar Mata da dukawa da majema. Amma me ya faru a ƙasa? Makaranta ce ke zaɓar guda ɗaya wa kowa da kowa, wanda take da malaminsa ko wanda aka ce ya fi sauƙin ci, sai ka ga yara ɗari uku duk suna Animal Hosbandiri ba ko akuya ɗaya a harabar makarantar, ko suna Data Furosesin ba su taɓa taɓa kibod ba. Yaron nan nawa da ke gyara waya da hannunsa, gyaran waya na cikin manhaja, amma bai samu ya yi shi ba don ba mu da malami. A 2025 kuma an sake sanar da sabuwar manhaja, an rage yawan darussa, an taƙaita sana'o'in zuwa shida, haɗa sola, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, da noman lambu, an kuma dawo da Tarihi dole daga firamare har JSS3 bayan shekarun da aka yi an cire shi. Na yi murna da Tarihin sosai. Amma shida ko talatin da huɗu, in makaranta malami ɗaya take da shi to zaɓi ɗaya ne, kuma ba yaron ne ya yi shi ba.

Ni dai ɗan abin da ke hannuna shi nake yi. Tun shekara uku da suka wuce, a zangon ƙarshe na JSS3 nake roƙon firiyod ɗaya ranar Alhamis in shiga ajinsu, in rubuta kwasa-kwasan jami'a da foli da kwalejin ilimi a allo da darussan da kowanne ke nema, in gayyato tsofaffin ɗalibanmu, wani nas, wani akanta, wani mai haɗa sola, wani da ke aiki a gidan rediyo, su zo su faɗi yadda aikinsu yake da bakinsu. Tambayoyin da yara ke yi a ranar sun isa su nuna maka ba wai ba su da tunani ba ne, ba a taɓa buɗe musu ba ne kawai. Wani ya tambayi nas ɗin ko yana jin tsoron jini da farko, wani ya tambayi mai solar nawa yake samu a wata kuma Lissafi nawa ake buƙata. A ajina na Jogirafi kuma kowane zango ina ba su aiki ɗaya da su za su zaɓi batunsa da kansu, sharaɗin kawai ya shafi unguwarsu. Wani yaro da ban taɓa jin muryarsa a aji ba ya zana taswirar duk inda ruwa ke kwanciya a layinsu da damina, ya bi kwata kwata ya nuna inda aka toshe da gini, shafi shida da hannunsa, har da tambayar tsofaffin unguwa inda kududdufi yake a da kafin a cike shi. Wannan yaron a jarabawar zangon da ya wuce ashirin da bakwai ya ci.

Da za a ji tawa, rabon ajin nan a ɗaga shi zuwa ƙarshen SS1, shekarar farko kowa ya ɗanɗana Fizik ya ɗanɗana Litireca ya ɗanɗana Akawun, sannan a zauna da yaro da mahaifinsa da fom-masta a yi magana ta minti goma kafin a rubuta sunansa a ko'ina, kuma a bar ƙofa a buɗe ko da zango ɗaya ne ga wanda ya ga ya yi kuskure. Na san za a ce ina malaman, ina azuzuwan, kuma tambaya ce mai nauyi don ni ma ina shiga ajin da yara ke zaune a taga. Amma zama da yaro a tambaye shi ba ya cin ko sisi.

Yaron Farm Centre yanzu yana SS2. Na roƙi malamin Fizik, mutumin kirki ne, ya bar shi yana zama a bayan ajin A duk ranar da suke da dabul firiyod, yana fita daga nasa ajin ya je ya tsaya jikin bango da littafinsa don ba benci. A gwajin zangon da ya wuce malamin ya ba shi takarda shi ma ya rubuta duk da sunansa ba ya cikin rajista, ya zo na bakwai a cikin mutum tamanin da wani abu. Na kawo maganar kwalejin fasaha inda zai yi NABTEB, jarabawar gama makarantun fasaha, yayansa ya ce babansu ba zai yarda a canza masa makaranta ba. Matsalar da ke gabanmu yanzu ita ce rajistar WAEC, don ana tura makin gwajin aji tun daga SS1 kuma shi ba shi da ko ɗaya a Fizik da Kemistiri a hukumance, Kemistirin ma bai taɓa zama ajinsa ba. Na yi magana da jami'in jarabawarmu sau biyu ya ce in dawo in firinsifal ya dawo daga tafiya. Jiya da aka tashi yaron ya biyo ni har bakin get yana riƙe da ƴar jakar kayan gyaransa ya ce "Malam ya maganar tawa?" Na ce masa ranar Litinin in sha Allah zan sake shiga ofis ɗin, ya zo min da takardar gwajin nan da ya zo na bakwai, kar ya manta da ita a gida.